Mun san hanyoyin noman da ba sa cutar da ƙasa, to me ke hana mu bin su?

Sakataren Lambu, Kura:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu da malamanmu da ke wannan zaure, tare da fatan an shiga rani lafiya. Ni ne mai riƙe da littafin wata ƙaramar ƙungiyar manoman lambu a yankin Kura ta Jihar Kano, inda muke noman rani da ruwan da ke gangaro mana daga madatsar Tiga. Yawancinmu tumatir da albasa da attaruhu muke yi, sai 'yan kaɗan da ke ƙarawa da kabeji da kankana.

Abin da ya kawo ni wani al'amari ne da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A 'yan shekarun nan an sha zuwa ana koya mana hanyoyin noman da ba sa gajiyar da ƙasa kuma ba sa barin guba a abinci, irin su haɗa takin gargajiya a rami, da feshi da ruwan 'ya'yan darbejiya, da rufe fangali da bambaron shinkafa don ya riƙe laima, da sauya abin da ake shukawa a fili daga shekara zuwa shekara, da dakatawa wasu kwanaki bayan feshi kafin a yi tsinka. Duk ɗan ƙungiyarmu da ka tsayar ka tambaya zai jero maka su ba tare da gargada ba. Amma da zarar an yi dashe sai kowa ya koma kan takin zamani, wato kamfa da yuriya, da kwalbar feshi, har akan yi feshi da yamma a tsinki tumatir da safe a nufi kasuwar Kwanar Gafan da shi. Ramukan takin da aka haƙa a ranar horo suna nan yadda aka bar su.

Tambayata biyu ce. Shin ilimin ne bai zauna ba, ko kuwa akwai wani abu dabam da ke hana mutum aiki da abin da ya sani? Sannan idan ƙungiya irin tamu, wadda ba ta da wani jari sai ɗan abin da membobi ke tarawa, za ta ɗauki abu ɗaya ta fara da shi a wannan rani, wanne ya kamata ta ɗauka? Allah Ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Dattijon Kadawa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi tambaya mai kyau, kuma ina so ka fara cire zargin jahilci daga kan mutanenka. Takin gargajiya ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Tun kafin a san buhun takin zamani, iyayenmu da jakuna suke ɗauko shara da toka da kashin awaki daga birni a cikin mangala su zube a gonaki, suna roƙon Fulani su sauka da shanunsu a kan fili bayan girbi, kuma ba wanda ke sare gawo a gonarsa domin kowa ya san dawar da ke ƙarƙashinsa ta fi sauran kyau. Wanda ya tashi a cikin wannan ba ya bukatar a zo daga nesa a gaya masa cewa taki yana raya ƙasa.

Abin da masu horo ba sa tambaya shi ne, filin na wane ne? Ka duba littafinka ka ƙirga mutum nawa ne ke noma a filin kansa, nawa ne kuma ke karɓar haya ta rani ɗaya. Takin gargajiya ba ya ba da duk amfaninsa a shekarar da aka zuba shi, yana ci gaba da aiki a shekara ta biyu da ta uku. Mai haya kuwa bai da tabbacin cewa baɗi shi za a ba filin, kuma idan mai fili ya ga ƙasa ta yi kyau yana iya ƙara kuɗi ko ya karɓe abinsa. To wane mai hankali ne zai biya amalanke da leburori ya gyara ƙasar da wani zai ci? Yuriya ita ce takin ɗan haya, domin cikin mako guda yake ganin ganye ya yi kore, kuma kafin wa'adinsa ya cika ya kwashe abin da ya zuba. Haka zancen sauya shuka yake. Wanda ya karɓi fili don tumatir ba zai bar shi ya huta ko ya sa masa wake ba, ko da ya san shekaru ake yi ana jera tumatir a wurin.

Sai kuma tsoro, wanda duk wanda bai yi noman tumatir a 2016 ba ba zai san girmansa ba. A shekarar ne tsutsar nan da muke kira sharon ta cinye gonaki daga nan har Kaduna da Katsina da Jigawa, gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da aka buɗe a nan Kadawa a farkon shekarar ya tsaya saboda rashin abin da zai niƙa. Mutum zai duba gonarsa ranar Juma'a ya ga lafiya, kafin wata Juma'ar ta zagayo ganye ya bushe kamar an bi shi da wuta. Akwai waɗanda suka sayar da dabbobinsu don biyan bashin wannan shekara. Tun daga lokacin manomi ba ya jiran ya ga tsutsa kafin ya yi feshi, kuma idan ka ce masa ya ajiye kwalba ya jiƙa darbejiya, abin da yake ji shi ne kana so ya saka abincin iyalinsa a gwaji.

Kada kuma ka manta da wanda yake ba manomi shawara a kullum. Malamin gona yakan zo jefi-jefi, mai shagon magani kuwa yana bakin hanya safe da yamma, yana ba da kaya bashi har zuwa tsinka, kuma ba zai taɓa ce maka ka rage feshi ba domin daga nan abincinsa yake fitowa. Ban ce dukansu macuta ba ne, amma da yawansu ba su karanci aikin ba.

Game da tambayarka ta biyu, shawarata ita ce ku fara da masu fili. Ku ware waɗanda ke noma a gadonsu ko a filin da suka saya, ku haɗa kuɗi ku sayo musu takin dabbobi da kashin kaji a lokacin da yake da araha, su zuba su rage kamfa. Da tsadar da takin zamani ya yi tun daga 2022, ga kuma man injin ban ruwa da ya hau bayan cire tallafi a 2023, ba sai kun yi dogon wa'azi ba. Su kuma 'yan haya, ƙungiya ta shiga tsakani ta nemo musu yarjejeniyar shekara uku a rubuce a gaban mai unguwa, sannan a yi musu maganar taki.

Malamar Gona, Zariya:

Assalamu alaikum. Baba, Allah Ya ƙara girma. Na yarda da duk abin da ka faɗa game da haya da bashi, kuma gaskiya ne cewa mu ma'aikatan gona mun yi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da yawan manoma. Sai dai ina neman izini in saɓa maka a wuri ɗaya. Ilimin da iyayenmu suka gada game da ƙasa cikakke ne, amma ilimin magungunan feshi da na sababbin ƙwari ba gado ba ne, kuma a nan akwai giɓi babba. Malam Sakatare ya ce mutanensa suna iya jero hanyoyin, to jero sunan abu dabam, sanin yadda yake aiki dabam, kuma wanda bai san yadda abu yake aiki ba yakan gwada shi sau ɗaya ba daidai ba, ya ga bai yi ba, ya yanke hukuncin cewa ƙarya ne.

Darbejiya ita ce misali mafi kusa. Manomi ya saba da maganin da zai fesa ya ga tsutsa ta faɗo nan take, ita kuwa darbejiya ba haka take yi ba. Tana hana ƙwaro cin ganye, tana hana tsutsa girma ta rikiɗa, saboda haka sai bayan kwanaki ake ganin aikinta. Ƙarfinta yana cikin ƙwayar 'ya'yan fiye da ganye. Akan daka kimanin rabin kilo na busassun 'ya'ya a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin famfo, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma domin hasken rana yana kashe ƙarfinsa, sannan a maimaita duk mako. Tana aiki sosai a kan darɓa da farin ƙuda da ƙananan tsutsotsi idan aka fara da wuri. Amma duk wanda ya ce muku za ta ceci gonar da sharon ta riga ta mamaye bai gaya muku gaskiya ba, kuma irin wannan zuzutawa ce take sa manoma su daina yarda da mu.

Ita sharon asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifaniya a 2006, ta bazu a Arewacin Afirka, daga nan ta iso mana. Uwarta ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawo da dare, mace ɗaya tana iya yin ƙwai sama da 200, kuma a lokacin zafi cikin kimanin wata guda ƙwai ya zama uwa mai yin wani ƙwan. Tsutsar tana shigewa cikin naman ganye da cikin ɗan tumatir, inda maganin da ke zama a saman ganye ba ya kai mata. Da manomi ya ga magani bai ci ba sai ya ninka awo, ko ya sayo wata kwalbar mai wani suna. Alhali sau da yawa sunan kamfani ne kawai ya sauya. Idan ka duba ƙananan rubutun jikin kwalba ka ga cypermethrin a wannan, lambda-cyhalothrin a waccan, to dangi ɗaya ne kuma hanya ɗaya suke kashe ƙwaro, haka ma abamectin da emamectin. Tsutsar da ta jure wa ɗaya takan jure wa ɗan'uwansa, 'ya'yanta kuma su gaji juriyar. A lokaci guda feshin yana kashe gizo-gizo da zanzaro da sauran ƙwarin da ke cin tsutsa a kyauta, yana kuma kashe ƙudan zuma, wanda in babu shi kankana da gurji ba sa yin 'ya'ya yadda ya kamata.

Akwai kuma abin da ba na ɗauka a matsayin zaɓi, wato kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka. An rubuta su a jikin kowace kwalba mai rajista, kuma zanen launi da ke ƙasan takardar yana nuna ƙarfin gubar: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Tumatir da latas da kabeji ana cin su ɗanye, kuma 'ya'yan manomin ne farkon masu ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan sinadarin DDVP, wanda muka sani da fiya-fiya, da aka samu a cikinsa. Su suna da na'urar gwaji shi ya sa suka gano, mu kuwa ba mai gwada kwandon da ke shiga kasuwanninmu.

Abu ɗayan da zan ba ƙungiyarku shawara ta fara da shi shi ne abin da mutum ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. Sharon ba ta san iyakar gona ba, don haka wanda ya tsabtace tasa maƙwabcinsa bai tsabtace ba wahala kawai ya sha. Ku yi renon irin dashe a wuri guda a ƙarƙashin raga mai ƙananan ido, domin gonaki da dama da ƙwai a jikin dashe suke farawa. Ku sa tarko, ko da tire ne na ruwa da ɗan sabulu da fitila a samansa da dare, irin wanda cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT, mai reshe a Bagauda, ta yaɗa, domin ku san ranar da uwar ta iso. Ku sa rana ɗaya a mako da za a zaga gonaki ana ɗaga ganye ana dubawa, a yi feshi idan an ga dalili, a bari idan ba a gani ba. Bayan tsinkar ƙarshe kowa ya tuge karan tumatirinsa a mako guda a binne ko a ƙone, kada a bar shi tsaye yana kiwon tsutsa. Kuma a tuna cewa gauta da dankalin Turawa da attaruhu da tattasai dangin tumatir ne, saboda haka sa su a bayansa ba sauyi ba ne, albasa ko masara ko wake su ne sauyi. Duk wannan yana rage kuɗin da ke fita daga aljihu tun a ranin farko, shi ya sa ɗan haya ma zai iya shiga.

Mai Garka, Galmi:

Salamu alaikum jama'a. Ni daga Jihar Tahoua nake a Nijar, albasa nake yi kamar yawancin mutanen garinmu, kuma matsalarku tamu ce, har da magungunan da ke shigo mana ta iyaka ba rajista ba takarda da mutum zai iya karantawa.

Ina so in ƙarfafa maganar Baba da abin da ya faru a ƙasarmu. A farkon shekarun 1980 an kashe kuɗi masu yawa wajen dasa itatuwa a yankin Maraɗi, mafi yawansu suka mutu. Abin da ya kama shi ne sassaben zamani, wato manomi ya bar tohon da ke fitowa daga kututturen da ke gonarsa, ya rage masa rassa ya rene shi. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa shi a 1983, kuma yau ana maganar kimanin hekta miliyan 5 da suka sake yin itatuwa. Dabarar ba ta bukatar sayen komai, kuma ta bazu sosai ne a lokacin da manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne, zai yi makamashi da shi ya ciyar da dabba ba tare da tsoron ma'aikacin gandun daji ba. Daga maƙwabci zuwa maƙwabci ta tafi, mutum ya leƙa gonar ɗan'uwansa ya ga bambanci.

Saboda haka, Malam Sakatare, ku bar taron horo a ƙarƙashin rumfa. Ƙungiya ta karɓi fili ɗaya a bakin hanya inda kowa ke wucewa, a raba shi biyu, rabi a yi yadda aka saba, rabi a yi yadda Malama ta bayyana, a rubuta duk abin da aka kashe da duk kwandon da aka tsinka. Idan an yi asara ta ƙungiya ce, ba a karya gidan kowa ba. Mu masu albasa abin da ya fi jawo hankalinmu ga takin gargajiya shi ne ajiya, domin albasar da aka cika wa yuriya takan yi girma da ruwa amma ba ta jimre zama a rumbu, tun kafin farashi ya tashi ta fara ruɓewa.

Dillalin Kayan Gwari, 'Yan Kaba:

Assalamu alaikum. Na karanta bayanan iyayena da na Malama, kuma ina ganin wajibi ne a ji ta bakin kasuwa. A iya zamana a wannan sana'a ban ga mai saye ya tambayi ranar da aka yi wa tumatir feshin ƙarshe ba. Abin da ake dubawa shi ne girma da ja da tauri, da ko zai kai Legas bai fashe ba. Kabejin da tsutsa ta huda ganyensa na waje farashinsa yakan faɗi ko da cikinsa lafiya lau ne. Mu kanmu idan kaya sun yi ƙaranci mukan matsa wa manomi ya tsinka a ranar da mota ta samu, ba ma tambayar ko kwanakin jira sun cika, kuma wannan nauyi ne da ke wuyanmu.

Ba zan yi muku alkawarin ƙarin kuɗi a babbar kasuwa ba, domin da an sauke kwanduna sai su gauraya. Inda nake ganin ƙofa shi ne masu saye kai tsaye a cikin birni, kamar masu gidajen abinci da masu haɗa kayan salak da iyalan da ke sayen kwando guda su raba. Idan ƙungiya tana da littafin da ke nuna ranar feshi da ranar tsinka na kowace gona, kuma ta tsaya a kansa, akwai masu neman irin wannan tabbaci. Amma sai kun iya kawo kaya a kan lokaci kowane mako, domin mai gidan abinci ba ya jiran uzuri.

Sakataren Lambu, Kura:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na koma littafi kamar yadda ka ce, kuma 'yan haya sun fi masu fili yawa a cikinmu, don haka zan kai maganar yarjejeniyar shekara uku gaban shugabanninmu. A taro mai zuwa zan gabatar da reno na haɗin gwiwa da zagayen duba gonaki na mako-mako da filin gwaji a bakin hanya, sannan in buɗe shafin ranar feshi da ranar tsinka ga duk wanda ya amince. Malama, saura tambaya ɗaya. Kashin kaji ya fi sauƙin samu a wurinmu fiye da na shanu, amma wasu sun ce ya taɓa ƙone musu dashe. Yaya ya kamata a yi da shi?

Malamar Gona, Zariya:

Malam Sakatare, ɗanyen kashin kaji ne yake ƙuna, domin yana da zafi da gishiri, kuma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta da ke hawa kan latas da alayyafo. Ku tara shi a inuwa, ku riƙa shimfiɗa shi hawa-hawa da bambaron shinkafa ko ɓuntu da ɗan toka, ku yayyafa ruwa ya yi laima ba tare da ya jiƙe sharkaf ba, ku rufe, ku riƙa juya shi duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zafinsa zai sauka, warin ya tafi, ya yi baƙi yana marmashewa a hannu. A lokacin ne za a gauraya shi da ƙasar fangali, mako ɗaya ko biyu kafin dashe, a ba shi ruwa. Tunda kun riga kun shiga wannan rani, wanda za ku tara yanzu na shukar gaba ne, kuma a shekarar farko kada kowa ya yanke kamfa gaba ɗaya, a rage shi ne a hankali ana duba yadda ganye yake.